Ko Kun Sani? Wasa Ma Magani Ne

Ko kun san cewa darar da dattawa ke bugawa a gindin bishiya, daga Kore Mairuwa har Dogon Dutsi, ba kashe lokaci kawai ba ce? Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, layi 5 masu gurbi shida-shida. Kowa na riƙe da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa ɗaya. Da rani, ko a shekarar da damina ta yi gardama, wannan zama yana raba magidanci da tagumi, ya haɗa shi da 'yan'uwa.

Masana ma sun gano irin wannan amfani a wasan kwamfuta. A shekarar 2017, masu bincike a Oxford ta ƙasar Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 71 da suka yi haɗarin mota. An sa wasunsu buga Tetris, wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, na kimanin minti 20, cikin awa 6 da aukuwar haɗarin. A makon farko, munanan hotunan haɗarin ba su riƙa faɗo musu a rai kamar sauran ba, domin ƙwaƙwalwa ta shagala da lissafin siffofi.

Jama'a, mu koya wa yaranmu dara. Gado ce, kuma tana sanyaya zuciya a lokacin ƙunci.