Ciwon Laim da Na'urar Maganaɗisu: Inda Hujja Ta Tsaya

A shekarar 1975 ne iyaye mata a wani ɗan gari mai suna Laim, cikin jihar Konetikat ta Amurka, suka kai kuka ga hukuma a kan kumburin gaɓoɓi da ya addabi 'ya'yansu, har likita Allen Steere na Jami'ar Yale ya shiga bincike, ya tarar da yara 39 da manya 12 masu irin wannan larura. Asalin cutar bai bayyana ba sai a 1982, sa'ad da Willy Burgdorfer ya sanar da cewa wata ƙwayar cuta ce mai siffar murɗaɗɗen zare, wadda ke zaune a cikin wata 'yar ƙaramar kaska mai shan jinin ɓeraye da barewa, ta kuma ciji ɗan Adam in ya ratsa daji ko doguwar ciyawa. Galibi alamar farko wani jan tabo ne da ke faɗaɗa a wurin cizon, tare da zazzaɓi da kasala. In aka yi sakaci, cutar takan kai ga gwiwoyi da jijiyoyi, wani lokaci har zuciya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana yi wa mutum kimanin 476,000 maganinta kowace shekara a ƙasar, akwai ta kuma a Turai.

Mafi yawan waɗanda suka kamu suna warkewa sarai bayan sun sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu zuwa huɗu. Sai dai akwai wani kaso, wajen biyar zuwa goma cikin ɗari, da kan gama magani amma gajiya da ciwon jiki da mantuwa su ƙi sakinsu har wata shida ko fiye, kuma a kan waɗannan bayin Allah ne saɓani ya auku. Jumhurin likitoci na ganin cewa ƙwayar ta riga ta mutu, abin da ya saura gurbin ɓarnarta ne, ko kuwa garkuwar jiki ce ta ƙi kwantawa; wasu tsiraru kuma suka tafi a kan cewa tana nan a ɓoye, don haka a ci gaba da dirka magani wata da watanni. An gwada wannan ra'ayi na biyu: a 2001 Mark Klempner da abokan aikinsa suka ba marasa lafiya magani na kwana 90, a 2016 kuma aka yi makamancin haka a Holan da mutum kimanin 280, duka biyun kuwa ba a ga fifiko a kan waɗanda aka ba maganin jabu ba. To, mutumin da ciwo ya hana shi barci, likita kuma ya ce da shi gwaji bai nuna kome ba, ba abin zargi ba ne in ya karkata ga duk wanda ya yi masa alkawarin sauƙi.

Ta wannan ƙofa ce na'urar maganaɗisu, wadda ake taƙaita sunanta da PEMF, ta shigo. Hikimarta ba ɓoyayya ba ce, tun 1831 Michael Faraday ya tabbatar da ita a Ingila: in aka tura lantarki cikin naɗaɗɗiyar waya ana kunnawa ana kashewa, sai ƙarfin maganaɗisu ya riƙa bugawa, wannan bugu kuwa yakan haifar da ɗan rarraunan lantarki a cikin abin da ke kusa, har da naman jiki da ƙashi. A 1957 Fukada da Yasuda a Japan suka nuna cewa ƙashi da kansa yakan fitar da lantarki in an matsa shi, daga bisani kuma Andrew Bassett na Jami'ar Kolombiya ya gina aikinsa a kan wannan, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a 1979 da a yi amfani da na'urar wajen karayar da ta ƙi ɗoruwa. Bayan haka an ba wasu ire-irenta izini don rage zogi da kumburi bayan tiyata. Wannan duka gaskiya ne, ba wanda ke jayayya da shi.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne yadda ake aron wannan gaskiya a jingina mata wata da'awa dabam. Masu sayar da tabarmin maganaɗisu, waɗanda kuɗin wasunsu ya kai dubban daloli, sukan ce hukuma ta amince da fasahar, ba tare da sun faɗi a kan wace larura aka amince ba. Sa'an nan su ɗora da cewa tana raunana ƙwayar Laim, tana wanke dafi daga jiki, tana farfaɗo da garkuwa. Duk wanda ya zauna gaban malamin usulu ya san cewa ƙiyasi ba ya inganta sai reshe da asali sun yi tarayya a illa guda, in kuwa akwai bambanci a tsakaninsu to hukuncin wannan ba ya hawa kan wancan. Ɗorin ƙashi aiki ne na wuri ɗaya, ana ganinsa a hoton asibiti, ana iya auna shi. Gajiyar da ta game jiki bayan cizon kaska kuwa wani al'amari ne wanda har yau ake bincike a kan sababinsa. Hukumar abinci da magunguna ba ta ba da izinin wannan na'ura don ciwon Laim ba, kuma a 2015, da Paul Lantos na Jami'ar Duke da abokansa suka bi diddigin magunguna fiye da 30 da ake tallatawa a intanet don wannan ciwo, cikinsu har da na maganaɗisu da na'urar Rife mai da'awar kashe ƙwayoyin cuta da girgizar lantarki, ba su sami ingantacciyar shaida ko ɗaya da ke goyon bayansu ba.

Za a ce, to ina labarin waɗanda suka rantse sun ji sauƙi? Ba na ƙaryata su, domin mutum ya fi kowa sanin jikinsa. Amma wannan ciwo ne mai lafawa ya dawo, mutum kuwa ya fi sayen magani ranar da abin ya tsananta, saboda haka sauƙin da zai zo da kansa sai a ba na'ura ladansa. Ga kuma tasirin kyakkyawan zato, wanda ba sabon abu ba ne a wannan fage, don tun 1784 Sarkin Faransa ya naɗa kwamiti, cikinsa har da Benjamin Franklin da Lavoisier, su binciki warkarwar da wani mai suna Mesmer ya danganta ga maganaɗisu, suka rufe wa mutane ido suka gwada, suka hukunta cewa aikin tunani ne. Abin da ya fi damuna shi ne wata dabara ta 'yan talla: in ka ji sauƙi su ce na'ura ta yi aiki, in jiki ya ƙara rikicewa su ce ƙwayoyin ne ke mutuwa suna zubar da dafi, ka daure. Lalle akwai irin wannan rikicewa a likitanci, amma takan zo ne cikin yini na farko da fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba bayan makonni ana kwanciya a kan tabarma ba. Da'awar da kowane sakamako ke gaskata ta kuwa ba ta shiga babin hujja.

Ita kanta na'urar, in mai raunin bugu ce, cutarwarta kaɗan ce ga yawancin mutane, sai dai ana hana ta ga wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ana kuma gargaɗin mace mai juna biyu da mai farfaɗiya. Wanda ya so ya jarraba ta don rage zogi, da sanin likitansa, kuma aljihunsa zai ɗauka, wannan zaɓinsa ne, muddin bai mai da ita madadin maganin asibiti a farkon kamuwa ba, lokacin da cutar ta fi saurin jin magani. Hatsarin da ya fi girma shi ne a shagala da ita a bar neman ainihin abin da ke damun mutum, domin gajiya da ciwon gaɓoɓi alamu ne da cututtuka da dama suka yi tarayya a cikinsu. A 2015 wata mujallar likitoci ta Amurka ta kawo labarin mutum uku da aka daɗe ana yi wa maganin daɗaɗɗen ciwon Laim, daga baya aka gano cewa ɗaya ƙari ne gare shi a gindin ƙwaƙwalwa, sauran biyun kuma ciwon daji, ɗayansu a huhu.