In Risho Ya Ƙi Kamawa Da Hunturu

Duk wanda ya taɓa kwana a Yelwa, ko Wara, ko Shanga cikin watan Janairu ya san irin ɗarin da ke tasowa daga tafkin Kainji da asuba. A Ingila, inda sanyi ya fi namu tsanani, gidaje suna da tukunyar dafa ruwa wadda ke tura ruwan zafi cikin bututu ya zaga ɗakuna. Mu nan tukunyarmu ita ce risho. Gaskiya ne madatsar Kainji tana ba da lantarki tun 1968, amma ba kowane gida yake samunsa kullum ba. Da risho malamin makaranta ke ɗumama ruwan wanka kafin a buga ƙararrawa, da shi kuma ake dafa wa jinjiri ruwa. To, ran da ya ƙi kamawa fa?

Abin da ya kamata mu fara sani shi ne, kananzir ba ya cin wuta sai ya yi ɗumi ya soma tururi, watau zafinsa ya kai wajen digiri 38. Sabo da haka ne risho ya fi yin gardama da sanyin safiya. Wuta kuwa abu uku take bukata: mai, da iska, da zafi. Sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da fari a duba mai. In kananzir ya gauraya da ruwa, ruwan yakan kwanta a gindin tanki, lagwani ya sha shi, sai wuta ta yi ta tartsatsi tana mutuwa. A juye shi duka, a shanya tankin, a zuba sabo. Sa'an nan a duba lagwani: in bakinsa ya ƙone ya yi tauri a datse shi daidai, in sabo ne a bar shi ya jiƙu tukuna. Ƙananan ramukan da iska ke shiga kuma a kakkaɓe musu ƙurar hunturu da kunkunniya.

Risho mai famfo, irin Primus wanda aka fara ƙerawa a Suwidin cikin 1892, nasa ciwon dabam ne. In an buga famfo an ji shi sakayau, fatarsa ce ta bushe, ɗigon mai zai tausasa ta. In famfo lafiya amma ba a jin huci, kafar da tururi ke fita ce ta toshe, sai a tsokace ta da ɗan tsinken da ake sayarwa tare da shi. Kada a sa allurar ɗinki, don takan buɗa kafar ta lalace. In kuwa jan harshe ya tashi sama da hayaƙi, kan rishon bai yi zafi ba aka buga famfo. A kwance notin iska nan da nan, a bari ya huce, a sake gasa kan da sifirit.

Yanzu ga jan kunnenmu. Wanda ya makara yakan ce bari ya ɗiga ɗan fetur don wuta ta yi sauri. Fetur yana tururi ko da sanyi ya kai na ƙanƙara, ƙyastu ɗaya ya isa ya tashi tanki da mai riƙe da ashana. Haka kuma kada a ƙara mai wuta tana ci. Wanda ya haƙura da risho ya shiga da gawayi ɗaka, lalle ya bar taga a buɗe, gama gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ta kan kashe mutum cikin barci.

Malamai, muna roƙonku ku karanta wa almajiranku wannan, su kai gida. Gara a yi wanka da ruwan sanyi da a kwana a asibiti. Allah ya kiyashe mu.