Haƙƙin Mamaci a Lokacin Annobar Ebola

Annobar Ebola da ta ɓulla a ƙauyen Meliandou na ƙasar Gini a watan Disambar 2013 ta kama mutum sama da 28,000, ta kashe sama da 11,000, kusan dukansu a Gini da Laberiya da Saliyo. Wurin da ya fi ba ma'aikatan lafiya wuya a yaƙin nan shi ne gidan makoki. Gawar wanda Ebola ta kashe cike take da ƙwayar cutar, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na masu kamuwa wajen jana'iza suke ɗauka. Don haka in likita ya dubi gawar, haɗari yake gani wanda dole a kau da shi nan take. Iyali kuwa mahaifinsu suke gani kwance, yana bin su bashin wanka da sutura da rakiya. Kowanne yana da hujja, kuma rashin gane hakan ya ci rayuka masu yawa.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san wankan gawa da likkafani da salla da binnewa nauyi ne a wuyan al'umma, in babu wanda ya sauke shi kowa ya yi laifi. Haka Musulmin Gini da Saliyo suka ɗauki abin. Ga 'yan ƙabilar Kissi masu bin addinin gargajiya kuma, mamaci matafiyi ne zuwa ga kakanni, in aka sallame shi ba bisa ƙa'ida ba, masifa na iya faɗa wa gari. Cikin wannan hali ne baƙi suka riƙa shigowa sanye da fararen kayan da suka rufe su har fuska, su fesa sinadari, su sa gawa a jaka, su tafi da ita. A watan Agustan 2014 gwamnatin Laberiya ta wajabta ƙona gawarwaki a Monrobiya. Sai mutane suka shiga ɓoye marasa lafiya, suna binne 'yan'uwansu da dare. A watan Satumba kuma aka kashe mutum 8 na wata tawagar wayar da kai a ƙauyen Womey na Gini. Kisan nan ta'asa ce da babu uzuri a kanta, amma ya nuna zurfin rashin yardar da ke tsakani.

Da yawa sun kira taurin kan mutane jahilci, kuma a ganina wannan hukunci bai tsaya ba. Wata mata mai juna biyu ta rasu a yankin Kissi, al'adar garin kuma ta haramta binne mace da ɗan tayi a cikinta, alhali tsaga gawar zai iya halaka duk wanda ya taɓa ta. Aka yi cirko-cirko. Julienne Anoko, 'yar Kamaru masaniyar al'adu da ke aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta bi dattawa da tambaya har aka samo wani tsoho da ya san kaffarar da ake yi in dole ta sa aka saɓa wa dokar: akuya, da farin yadi, da gishiri, da mai, da shinkafa. Aka kawo, aka yi, aka binne matar ba tare da an tsaga ta ba. Mafitar tana cikin al'adar tun asali, tambaya ce kawai ba a yi ba.

Wani zai ce kimiyya ba al'ada ba ce, ƙwayar cuta ba ruwanta da abin da mutum ya yi imani da shi, kuma lokacin annoba ba lokacin lallashi ba ne. Gaskiya ne taɓa gawar yana kashewa, kuma babu girmamawar da za ta sauya wannan. Sai dai abin da kimiyya ta hana shi ne taɓawa. Ba ta hana salla ba, ba ta hana fuskantar da mamaci alƙibla ba, ba ta hana ɗa ya ga kabarin uwarsa ba. Waɗannan an zubar da su ne saboda masu aikin sun taso a mahangar da ta ɗauke su ƙari ne kawai, ba su kuma lura cewa tasu ma mahanga ce ba. A watan Nuwamban 2014 Hukumar ta fitar da sabon tsarin binnewa cikin aminci da mutunci, wanda aka tsara tare da Red Cross da ƙungiyoyin addinin Musulunci da na Kirista. Tsarin ya tanadi neman yardar iyali kafin a fara, da taimama a madadin wanka ga Musulmi, da likkafani, da barin dangi su yi salla su kuma halarci binnewa daga ɗan nesa. Taimama tsohon hukunci ne a fiƙihu, malamai suka nuna wa likitoci shi.

Akwai kuma masu cewa kuɗi da cibiyoyin jinya da sojojin da Amurka da Ingila suka turo su ne suka karya lagon annobar. Sun taimaka ƙwarai, ba mai musun haka. Amma gado ba ya warkar da wanda aka ɓoye a ɗaki, kuma a Monrobiya an ga gadaje babu kowa a lokacin da iyalai ke gudun kada a ƙona musu ɗan'uwa. A ƙarshen Disambar 2014 gwamnatin Laberiya ta janye tilasta ƙonawa, ta buɗe sabuwar makabarta a Disco Hill, inda aka ware wa Musulmi da Kirista kowa ɓangarensa.