Abin da ya kamata ku sani: Me ya haɗa dandaƙa da sinadarin girma?

Idan kuna kiwo, kun san bijimi da san da aka dandaƙe ba jikinsu ɗaya ba, ko da a turke ɗaya suke cin dusa. Bijimi ya fi murɗaɗɗiyar tsoka da kaurin wuya, dandaƙaƙƙen kuwa ya fi tara kitse. Wani ɓangare na dalilin yana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa.

Mene ne sinadarin girma?

Wani sinadari ne da jiki ke zubawa cikin jini don ya kai saƙo ga gaɓoɓi. Irin waɗannan 'yan aike su ake kira homon. Wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, shi ke samar da shi. Ƙwaƙwalwa kuma na da umarni biyu: ɗaya na saki, ɗaya na tsayarwa.

Wataƙila ku ce, dabbar da ta gama girma me za ta yi da shi? Tana bukatarsa har tsufa, domin shi ke kula da tsoka da ƙashi, ya kuma sa jiki ya ƙona kitse.

Ina ruwan sinadaran jinsi?

Na namiji shi ne testostaron, daga 'ya'yan maraina. Na mace istirojin ne da furojestaron, daga ƙwan mace. Su ke tsara yadda sinadarin girma zai riƙa fita.

A jikin ɓera aka fi ganin wannan sarai. Binciken da aka wallafa a 1976 ya nuna cewa a namijin ɓera sinadarin kan kwararo da yawa kusan duk bayan awa 3, sa'an nan ya ɗauke ƙaf. A mace kuwa yana fita kaɗan-kaɗan, ba ya yankewa. Na namiji mamakon ruwa ne, na mace yayyafi. Hanta tana bambance su, kuma sinadarin girma yana sa ta samar da wani sinadari, IGF-1, mai gina tsoka. Idan aka dandaƙe namiji, kwararowar sai ta yi rauni. Aka ba shi istirojin, sai tsarinsa ya karkata zuwa na mace.

Wa abin ya shafa?

Mai turka shi ne na farko. Rago da bijimi sun fi 'yan'uwansu da aka dandaƙe saurin ƙara nama. Mai kare ma ya shafe shi: furojestaron kan sa nonon karya da kansa ya samar da sinadarin girma, kuma idan ya yi yawa yakan jawo mata ciwon sukari. Shi ya sa allurar hana karya barbara, mai aiki irin na furojestaron, ba a yin ta sai da shawarar likitan dabbobi.

Ina riba, ina hasara?

Dandaƙa na kawo dabba mai sauƙin kai da nama mai maiƙo, amma za ta ci abinci fiye kafin ta ƙara kilo guda. A Amurka ana cike wannan giɓin da sa wa shanu ƙwayar homon a ƙarƙashin fatar kunne. Tarayyar Turai ta hana shigo da irin wannan nama tun 1989.

A ganina mai kiwo ya fara duba kwami. Dabbar da ke fama da yunwa, ko da sinadarin girma ya cika jininta, hantarta ba ta amsawa, IGF-1 sai ya faɗi.