Kafin a sayar da gidan gado

Gida ɗaya ne, magada kuwa bakwai ko goma, ɗakunan ba za su rabu ba. Shi ya sa a yawancin lokuta ake sa masa kuɗi a raba kuɗin. Amma gado ba ya fita sai an cire kuɗin jana'iza, an biya bashin mamaci, an zartar da wasiyyarsa, wadda ba ta wuce sulusin dukiya.

A ce bayan wannan an sayar da gida naira miliyan 24, mamacin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Matar tana da tumuni, wato miliyan 3. Kowane namiji zai ɗauki miliyan 6, kowace mace miliyan 3.

Wajen sa farashi ne rigima ta fi tashi. Babban wa ya kira dillalinsa, a yanke kuɗi a zaure, matan da ke gidajen aurensu su ji labari daga baya. Wannan ba ciniki ba ne, domin babu mai sayar da rabon wani sai da yardarsa. Magajin da ke son gidan shi ya fi bare cancantar saye, kuma rabon maraya yana buƙatar sa idon alƙali. Matar mamaci ma ba a fitar da ita sai ta gama takaba.

In gidan na da takardar mallaka ta gwamnati, dokar filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a sauya suna. A rubuta cinikin, kowane magaji ya sa hannu gaban shaidu.