Tumkiya Doli da tagwaye

Yara, kun ga yadda ake shuka rogo a garka. Manomi ba ya neman iri. Yana sare kara, ya dasa shi cikin ƙasa mai laima. Sabon rogon da zai tsiro kamar uwarsa yake ta kowace fuska. Haka ake yi da rake. To, ana iya yin haka da dabba? Da mutum fa?

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar ƙwaya akwai zaruruwa 46. Yaro yana gadon 23 daga uwa, 23 daga uba. Cikin zaruruwan nan ne aka rubuta kamanninsa: launin fata, siffar hanci, irin jini. Masana suna kiran wannan rubutu ADN. Kowane yaro da irin rabon da ya samu, shi ya sa wa da ƙane ba su zama iri ɗaya.

A ƙasar Sikotland, arewa da Ingila, wani masani mai suna Ian Wilmut da abokan aikinsa sun gwada dabarar rogo a kan tumaki. Sun ɗauki ƙwaya daga hantsar wata tumkiya mai farar fuska, ƴar shekara 6. Sun samo ƙwan wata tumkiya mai baƙar fuska, suka cire rubutun da ke cikinsa. Suka haɗa ƙwayar da ƙwan, suka sa a cikin tumkiya ta uku. Ranar 5 ga Yuli 1996 aka haifi ƴar tumkiya mai farar fuska, babu rago ubanta. Aka sa mata suna Doli. Aikin bai zo da sauƙi ba: cikin ƙwai 277 da aka haɗa, ita kaɗai aka haifa. Doli ta haifi ƴaƴa 6, ta mutu a 2003 da ciwon huhu.

A 2001, a Amurka, an yi wa wata kyanwa haka. Kyanwar farko tana da launi uku, amma ƴar da aka haifa ba ta da jan gashi ko kaɗan. Rubutu ɗaya, gashi dabam!

Ku dubi tagwaye masu kama da juna, Hasana da Husaina. Ƙwai ɗaya ne ya rabu biyu, don haka gadonsu ɗaya. Duk da haka zanen yatsunsu ya bambanta. Ɗaya tana iya son lissafi, ɗaya tana son waƙa. In Hasana ta yi laifi, ba a tsawata wa Husaina. Abinci, tarbiyya, karatu da abokai su ma suna gina mutum. Ko da an kwafi mutum, jariri ne sabo za a haifa. Ba zai san abin da na farko ya sani ba, ba zai tuna abin da ya gani ba.

Har yau ba a tabbatar da an kwafi ɗan Adam ba. A 1997 ƙungiyar UNESCO ta ce yin haka ya saɓa wa darajar mutum, kuma ƙasashe da yawa sun hana shi.

Bambanci yana da amfani. In rogon garka duka daga kara ɗaya ya fito, cutar da ta kama ɗaya tana iya gamawa da sauran. In iri-iri ne, wani ya faɗi, wani ya tsira. Haka garke yake, haka mutanen gari.

Tambayoyi

1. Zaruruwa nawa yaro yake gado daga uwarsa?
2. Me ya sa Doli ta fito da farar fuska?
3. Faɗi abu biyu da suka bambanta tagwaye.
4. Ku tambayi manomi: wane tsiro ne kuma ake dasawa ba da iri ba?