Yadda ake tsara aikin insha'i a makarantun Sanyinna

Insha'i shi ne rubutun da ɗalibi ke tsarawa da kansa, saɓanin wanda yake kwafa daga allo. A Sanyinna, garin da ke ƙaramar hukumar Tambuwal a kudancin jihar Sakkwato, malamin da zai ba da irin wannan aiki kan fara da duba yaron da zai yi shi. Akasarin yaran 'ya'yan manoma ne. Da safe suna boko, da yamma suna makarantar allo ko Islamiyya, da damina kuma gona na jiransu. Sun saba da alƙalami tun suna ƙanana, sai dai a makarantar allo abin da ake yabo shi ne a kwafi rubutu daidai, ba ƙari ba ragi. Wahalar malamin insha'i ita ce raba yaro da tunanin cewa kowane rubutu yana da asalin da ake kwafowa.

Manhajar da hukumar NERDC ta tsara, da jarrabawar WAEC da NECO, su ne ke ƙayyade ire-iren insha'in da za a koyar: na labari, na siffantawa, na bayani, na muhawara, da rubutun wasiƙa. Jigo kuwa yawanci malami ne ke zaɓa, kuma a nan ake gane ƙwararre. Idan aka ce wa aji su rubuta a kan "muhimmancin ilimi", abin da ke dawowa jimloli ne haddatattu, kusan iri ɗaya daga littafi na farko har na ƙarshe. Malamin da ya daɗe a aikin yakan taƙaita jigon, ya kuma ƙayyade wanda za a rubuta wa. Sai ya ce a rubuta wasiƙa ga wani ɗan'uwa da ya tashi a birnin Sakkwato, a bayyana masa abin da ake yi wa gero daga ranar girbi har ya shiga rumbu. Yaron da ya ɗaure dami da hannunsa ba ya rasa abin faɗa. Yarinyar da aka ce ta bayyana yadda ake fura ta san surfe yana gaba da wanki, wanki yana gaba da daka, sannan a cura, a dafa, a kirɓa. Tsarin aikin da kansa ke koya mata inda za ta sa "da farko" da "bayan haka" da "daga nan", ba sai an yi mata doguwar lacca kan sakin layi ba.

Umurnin aikin a kan allo ake rubuta shi: jigo, mai karɓa, yawan layuka, da ranar kawowa. Kafin a taɓa biro akan tattauna batun da baki, malami yana rubuta kalmomin da yara suka kawo a gefe. In ya yi misali, to ya goge shi kafin su fara, in ba haka ba misalin nasa ne zai tarar a kowane littafi. Malamai da yawa sun fi son a yi rubutun cikin aji. Aikin da ya tafi gida yakan gamu da rashin fitila, ko ya dawo da rubutun wa ko ya.

Aikin yana girma da aji. A farkon firamare jimla ɗaya ko biyu ce a ƙarƙashin hoto, da Hausa, irin matakin da littattafan Mu Karanta, waɗanda aka yi amfani da su a jihohin Sakkwato da Bauci, suka sa a gaba. A ƙaramar sakandare sakin layi ne da gajeriyar wasiƙa. A babbar sakandare kuwa jarrabawa ce ke jan ragama: insha'in Turanci na WAEC yana neman kalmomi 450, ana raba makinsa 50 zuwa 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya bayani, 10 na ƙa'idojin rubutu. Malamin da ya nuna wa ɗalibai wannan rabo tun kafin su rubuta ya rage musu lalube.

Saura gyara. A aji mai cunkoso ba a iya bin kowane kuskure da jan biro, kuma shafin da ya yi jajawur ba abin da yake koya wa yaro sai tsoro. Akan zaɓi matsala ɗaya ko biyu a kowane aiki, kamar haɗe "ya zo" wuri guda, ko barin lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ. Akwai kuma batun karin harshe. Yaron Sanyinna da Sakkwatanci ya tashi, yakan rubuta "shina" da "tahi" yadda yake faɗa, alhali mai duba jarrabawa daidaitacciyar Hausa yake nema. Malamin kirki ba ya kiran wannan kuskuren magana. Yakan nuna masa "yana" da "tafi" a matsayin abin da takarda ke so, ya sa shi ya sake rubuta sakin layin, sannan ya ba da maki a kan rubutu na biyu.